Ƙadangare a Keji: Darasin da Ya Kamata Makarantun Sakandare Su Koyar

A cikin dukan dabbobin da littattafan ilmin halittu na makarantun sakandare suke ambata, da wuya a sami wadda ta fi ƙadangare kusa da ɗalibi. Yana kan katangar aji, yana bakin rijiya, yana kan tarin bulo a bayan ɗakin kwana, kuma ba a biyan ko sisin kwabo kafin a gan shi. Duk da haka, ɗalibai da yawa sukan gama sakandare ba tare da sun taɓa zama na minti goma suna kallon ƙadangare mai rai da niyyar fahimtar abin da yake yi ba. Wanda suka sani shi ne na cikin kwalba, wanda ya daɗe a ruwan fomalin har launinsa ya koɗe, sai kuma zanensa da suka kwafa daga allo. Sun haddace cewa namiji yana da jan kai, yana kuma kare yankinsa, amma idan aka tambaye su ko kan nasa ja yake da asuba, ko kuma me yake yi idan wani namiji ya matso kusa, sai a ji shiru.

Ya kamata kowace makarantar sakandare da ke koyar da ilmin halittu ta tanadi keji na musamman inda za a ajiye 'yan ƙadangaru na ɗan lokaci, ɗalibai su riƙa lura da halayensu suna rubutawa. Sai dai wannan shawara tana tafe da sharaɗi mai nauyi. Kejin da ba a shirya da kyau ba yana azabtar da dabbar da ke ciki, sa'an nan yana koya wa ɗalibi ƙarya, domin abin da zai gani halin wahala ne, shi kuwa ya rubuta shi a matsayin halin ƙadangare. Makarantar da ba za ta iya cika wannan sharaɗi ba, gara ta bar ƙadangarun a kan katanga.

Abin da katanga take nunawa, da abin da ba ta nunawa

Ƙadangaren gida, wanda ake kiran namijinsa ƙiski ko jan gwada, shi ne littattafan makaranta suka sani da sunan kimiyya Agama agama, ko da yake daga baya masana rabe-raben halittu sun kasa shi zuwa jinsuna da dama masu kama da juna. Mafi yawan abin da ake koyarwa game da zamantakewarsa ya samo asali ne daga kallo. Wani masanin dabbobi mai suna Vernon Harris ya bi diddigin rayuwarsa a Ibadan, ya kuma wallafa littafi guda a kanta a shekarar 1964. Daga irin wannan aiki aka fahimci cewa ƙadangarun suna zama ne rukuni-rukuni, babban namiji ɗaya tare da mata da 'yan ƙanana, kuma sauran mazan da ba su da yanki launinsu a dishe yake. An lura cewa launin babban namijin yakan dusashe da dare, ba ya dawowa sai ya sha hantsi jikinsa ya ɗumama. An kuma lura cewa idan maza biyu suka yi karo, sukan fara da gyaɗa kai da ɗaga ƙirji, in abin ya ƙi ƙarewa su jera gefe da gefe suna zabga wa juna wutsiya.

To, tunda ana iya ganin wannan duka a fili, mene ne amfanin keji? Amsar ita ce, kallo a fili yana nuna abin da ya faru, amma ba kasafai yake nuna dalilin faruwarsa ba. Ƙadangaren da ya sauko daga kan katanga da tsakar rana ya shiga ƙarƙashin bulo, zafi ne ya kore shi, ko shaho ya hango, ko kuwa ƙoshi ya yi? Abubuwa da yawa suna canjawa a lokaci guda, kuma mai kallo ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikinsu. Haka nan ƙadangaren da aka gani yau ba lallai ne shi za a gani gobe ba. A keji kuwa ana sanin dabbar ɗaya bayan ɗaya, ana iya barin komai yadda yake a canja abu ɗaya tak, sa'an nan a duba abin da zai biyo baya. Wannan shi ne ginshiƙin gwajin kimiyya, kuma ɗalibin da ya yi shi da hannunsa sau ɗaya ya fi wanda ya haddace ma'anarsa sau goma.

Abin da aka koya daga ƙadangarun da aka tsare

Tarihin wannan fanni ya ishi mai shakka hujja. An daɗe ana kiran dabbobi masu jan ciki "masu sanyin jini", ana zaton zafin jikinsu yana bin na iska kawai, in gari ya yi sanyi su yi sanyi, in ya yi zafi su yi zafi. A shekarar 1944 wasu masana biyu na Amurka, Raymond Cowles da Charles Bogert, suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a hamadar Kalifoniya, inda suka riƙa auna zafin jikin ƙadangaru da macizai. Sun nuna cewa ƙadangare yana sarrafa zafin jikinsa ta hanyar halayensa: ya fito rana, ya koma inuwa, ya shimfiɗa cikinsa a kan dutse mai ɗumi, ya shiga rami. Ta haka yake riƙe zafin jikinsa a wani ɗan tsakani muddin yana harkokinsa, kuma sau da yawa jinin nasa yana kai na mutum zafi.

Shekara talatin bayan haka, Matthew Kluger da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka yi amfani da wannan hali wajen amsa wata tsohuwar tambaya ta likitanci: shin zazzaɓi yana da amfani ga marar lafiya? Sun ajiye wani ƙadangaren hamada mai suna Dipsosaurus dorsalis a akwati mai gefe biyu, ɗaya mai zafi ɗaya mai sanyi. Lafiyayyen ƙadangare yakan yi ta kai da komo tsakanin gefen biyu, ya riƙe zafin jikinsa a wajen digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. Da aka yi wa wasu allurar ƙwayoyin bakteriya, sai suka riƙa daɗewa a gefe mai zafi har jikinsu ya ƙaru da kamar digiri 2. Watau ƙadangaren ya jawo wa kansa zazzaɓi da ƙafafunsa. An wallafa wannan a shekarar 1974. A shekarar 1975 kuma suka nuna cewa a cikin ƙadangarun da suka kamu da cutar, mafi yawan waɗanda aka ajiye a digiri 42 sun rayu, mafi yawan waɗanda aka ajiye a digiri 34 kuwa sun mutu. Babu yadda za a yi a gano wannan ta hanyar bin ƙadangare a daji.

A Afirka ta Yamma ma an yi irin wannan aiki, kuma da ƙadangaren gida aka yi shi. A shekarar 1966 wata masaniya a Jami'ar Dakar ta ƙasar Senegal, Madeleine Charnier, ta ba da rahoton cewa ƙwan ƙadangaren da aka ajiye a digiri 29 maza suke ƙyanƙyashewa, waɗanda aka ajiye a digiri 26 zuwa 27 kuwa kusan dukansu mata ne. Wannan shi ne karon farko da aka bayyana cewa zafin wurin da ƙwai yake kwance yana iya yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace a cikin dabbobi masu jan ciki, abin da daga baya aka tabbatar a kada da kunkuru iri-iri. Ma'anar wannan ita ce, wurin da ƙadangaruwa ta zaɓa ta tona ramin ƙwai, a rana ko a inuwa, yana da hannu a jinsin 'ya'yanta.

Gyaɗa kan nan da kowane yaro ya sani shi ma an yi masa nazari. Daga shekarun 1960, Charles Carpenter na Jami'ar Oklahoma ya riƙa ɗaukar fim na ƙadangarun da ya ajiye a shingaye, yana zana yadda kai yake tashi da sauka a kan takarda. Ya nuna cewa kowane jinsi yana da nasa salon, da yawan gyaɗawa da tsawon tsayawa tsakanin kowace gyaɗawa, kamar yadda kowane tsuntsu yake da nasa kuka.

Hatta batun wayo ya canja kama. A shekarar 2011 Manuel Leal da Brian Powell na Jami'ar Duke suka gwada wasu ƙananan ƙadangarun itace shida daga tsibirin Puerto Rico. Sun ɓoye tsutsa a ɗan rami suka rufe da murfi mai launi, abin da ƙadangaren bai taɓa cin karo da shi a daji ba. Huɗu daga cikin shidan suka gano yadda za su kawar da murfin, wasu da cizon gefensa, wasu da cusa baki ƙarƙashinsa su ɗaga. A shekarar 2014 kuma Anna Wilkinson da abokan aikinta a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka nuna wa wasu ƙadangarun Ostireliya hoton bidiyo na ɗan'uwansu yana ture wata ƙofar raga domin ya kai ga abinci. Waɗanda suka kalli yadda ake yi suka buɗe ƙofar, waɗanda ba a nuna wa ba suka kasa. Dabbar da aka ɗauka ba ta san komai ba sai kwanciya a rana, ashe tana iya koyo daga 'yar'uwarta.

Inda keji yake yin ƙarya

Me ya sa aka daɗe ba a gane wayon ƙadangare ba? Ɗaya daga cikin dalilan, kamar yadda masanin halayyar dabbobi Gordon Burghardt ya nuna, shi ne yawancin gwaje-gwajen farko an tsara su ne kamar na ɓera, an kuma yi su a ɗakuna masu sanyi. Ɓera yana samar da zafin jikinsa daga ciki, saboda haka sanyin ɗaki bai dame shi ba. Ƙadangare kuwa in jikinsa bai ɗumama ba, ƙafafunsa ba sa sauri, cikinsa ba ya narkar da abinci, ba ya ma marmarin ladan da ake sa masa. Sai masu gwajin suka rubuta cewa dabbar daƙiƙiya ce, alhali sanyi ne ya kama ta. Idan manyan masana za su faɗa wannan rami, ɗalibin sakandare ya fi kusa da faɗawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye ƙadangare a kwalba, ko bokiti, ko akwatin gilashi a cikin aji. Irin wannan wuri zafinsa ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ga shi kuwa dukan rayuwar ƙadangare ta ginu ne a kan zaɓi tsakanin wuri mai zafi da mai sanyi. In aka bar akwatin a inuwar aji, dabbar za ta lafe ta ƙi cin abinci. In aka fitar da shi rana ba tare da mafaka ba, zafi zai taru a ciki ya kashe ta cikin ɗan lokaci kaɗan, musamman da bazara. Bugu da ƙari, gilashi yana tare wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda fatar ƙadangare take buƙata domin haɗa bitamin D. Idan babu wannan bitamin, jiki ba ya iya jan sinadarin kalshiyam daga abinci yadda ya kamata, sai ƙasusuwa su yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Wannan cuta sananniya ce ga likitocin dabbobi a ƙasashen da ake kiwon ƙadangaru a gida.

Har ila yau, ƙadangare bai san gilashi ba. Yana ganin fili a gabansa, saboda haka yakan yi ta tura baki yana neman wucewa har fatar bakin ta saɓule. Ɗalibin da bai sani ba zai rubuta cewa dabbar tana da kuzari, ko tana son wasa. Masana kula da dabbobi sun lissafa wannan hali a cikin manyan alamomin takura.

Cunkoso shi ma yana ɓata sakamako. A kan katanga, namijin da aka kayar yakan gudu ya bar yankin, faɗa ya ƙare nan take. A keji babu inda zai gudu, sai wanda ya yi nasara ya yi ta bin sa, ya hana shi wurin shan rana, ya hana shi abinci, har ya rame ko ya mutu. Wanda ya ƙirga yawan faɗa a irin wannan keji zai ɗauka ƙadangaru kullum cikin yaƙi suke, alhali kuwa a fili yawancin rigingimunsu suna ƙarewa ne a gyaɗa kai.

Na ƙarshe shi ne mai kallon kansa. Hausawa sun ce kafin ka ga biri, biri ya gan ka, haka abin yake ga ƙadangare. Idan ɗalibai ashirin suka kewaye keji suna surutu, abin da za su gani shi ne yadda ƙadangare yake yi idan ya tsorata. Haka kuma kwanaki biyu ko uku na farko bayan an kama shi, yakan ɓuya ko ya yi ta neman mafita, kuma abin da aka rubuta a waɗannan kwanaki bai kamata a haɗa shi da na sauran kwanakin ba.

Kejin da ya cancanta

Duk waɗannan matsaloli suna da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. A gina kejin a waje, a wurin da hantsi yake faɗawa kuma ba hanyar wucewar jama'a ba ce. Tsawonsa kada ya gaza mita 2, faɗinsa da tsayinsa kuwa mita 1 kowanne, in an sami wanda ya fi haka ya fi kyau. A yi shi da katako da raga mai ƙananan idanu, wadda iska da hasken rana suke ratsawa, a rufe samansa domin ƙadangare gwanin hawa ne, kuma domin a tsare shi daga shaho da kyanwa. A lulluɓe rabin saman da zana ko asabari, yadda ko da yaushe za a sami gefen rana da gefen inuwa. A zuba yashi a ƙasa, a sa duwatsu da guntun bulo da reshen itace, wasu a rana wasu a inuwa, tare da maɓoya fiye da ɗaya. A ajiye ruwa mai tsabta a ɗan kasko marar zurfi a gefen inuwa.

Babban namiji ɗaya da mata biyu sun isa. Kada a haɗa manyan maza biyu. A kama su daga wuri ɗaya, domin a sami waɗanda suka riga suka san juna, a kuma kama su a hankali da zarge mai laushi a bakin sanda, ba da jifa ko danƙo ba. Ba a riƙe ƙadangare ta wutsiya, domin tana iya gutsurewa. Da damina, lokacin da mata suke ɗauke da ƙwai, a ƙyale duk wadda aka ga cikinta ya kumbura ta je ta nemi wurin tona raminta. Abincinsu ƙwari ne masu rai, irin su fara da gara da tururuwa, kuma kada a kamo su daga gonar da aka yi wa feshin magani. Domin a bambanta mata biyun, ɗigon fenti ɗan ƙarami a gadon baya ya isa, zai kuma tafi idan dabbar ta yi saɓa.

Ƙadangaren gida kaɗai ake nufi da wannan shawara. Damo da guza sun fi ƙarfin kejin makaranta, suna cizo suna kuma duka da wutsiya, hawainiya kuwa ba ta jure tsarewa, takan mutu da wuri a hannun wanda bai ƙware ba.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne wa'adi. Mako biyu zuwa uku sun isa a yi duk abin da za a yi, daga nan a mayar da ƙadangarun daidai wurin da aka kamo su. Duk wanda ya ƙi cin abinci kwanaki da dama, ko ya ji rauni, a sake shi ba tare da jiran cikar wa'adin ba.

Yadda ake kallo

Kallon kimiyya ya bambanta da kallon nishaɗi ta wajen tsari. Aikin farko shi ne ɗalibai su tsara jerin halayen da suka gani, kowane hali da sunansa da bayaninsa a fili: shan rana, hutawa a inuwa, ɓuya, gyaɗa kai, ɗaga ƙirji, kama ƙwaro, shan ruwa, bin wani, gudu daga wani, neman mafita. Dole bayanin ya tsaya a kan abin da ido ya gani. "Ya gyaɗa kai sau huɗu yana fuskantar mace" bayani ne da kowa zai iya tabbatarwa. "Yana fushi" ko "yana jin daɗi" kuwa fassara ce ta mai kallo, kuma mutum biyu za su iya saɓawa a kanta. Koyon raba waɗannan biyu yana cikin manyan abubuwan da ɗalibi zai ƙaru da su, kuma zai amfane shi ko da likita ya zama ko alƙali.

Aiki na biyu shi ne ƙirga. A shekarar 1974 Jeanne Altmann, wadda ta yi suna wajen nazarin gwaggon biri a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta wallafa wata maƙala da ta tsara hanyoyin ɗaukar bayanin halayen dabbobi, ta kuma nuna haɗarin rubuta abin da ya ja hankali kawai. Ido yakan tafi wurin faɗa da barbara, ya manta da sa'o'in da dabba ta yi tana kwance. Maganin wannan shi ne a zaɓi ƙadangare ɗaya, a bi shi na minti goma, duk bayan daƙiƙa 30 a rubuta abin da yake yi a daidai wannan lokaci. Ɗalibai biyu sun isa, ɗaya yana kallo ɗaya yana duba agogo yana rubutu, suna zaune shiru nesa kaɗan da kejin. A yi haka da ƙarfe 8 na safe, da 12 na rana, da 4 na yamma, kuma kowane lokaci a auna zafin dutsen da ke rana da na inuwa da ma'aunin zafi. Bayan mako guda aji zai sami lambobi nasa na kansa da zai zana jadawali da su.

Daga nan sai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cutarwa. A jingina ɗan madubi a gefen keji na minti biyar, a ƙirga gyaɗa kan namiji kafin a sa shi da kuma bayan an sa. A matsar da zanar inuwa zuwa ɗaya gefen, a ga ko ƙadangarun za su bi inuwar ko za su tsaya a wurin da suka saba. A kwatanta lokacin fitowarsu da safiyar hunturu da na safiyar bazara. Niko Tinbergen, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1973 tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch, ya tsara tambayoyi huɗu a shekarar 1963 da ake yi wa kowane hali: me ya tayar da shi yanzu, yaya ya samu yayin da dabbar take girma, wane amfani yake yi mata wajen rayuwa da haihuwa, kuma yaya ya samo asali a tarihin jinsinta. Kejin makaranta yana iya amsa ta farko sosai, ya kuma buɗe ƙofar tattauna sauran.

Aiki na uku shi ne wanda bai kamata a tsallake ba. Yayin da wasu ɗalibai suke kallon na keji, wasu su riƙa kallon na kan katanga, a lokaci guda, da tsari iri ɗaya. Inda sakamakon biyun ya yi daidai, ana iya amincewa da abin da keji ya nuna. Inda ya bambanta, to keji ne ya jawo bambancin, kuma neman dalilinsa darasi ne mai zaman kansa.

Amsa ga masu ƙorafi

Wasu za su ce tsare dabba zalunci ne ko da an kyautata mata. Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ta ciyar da ita ba sananne ne ga kowa, kuma darasinsa shi ne wanda ya tsare rai ya ɗauki nauyinsa. Amma a duba abin da ake yi yanzu: ana kashe ƙadangaru domin a cika kwalaben ɗakin gwaji, yara kuma suna harbinsu da danƙo don wasa kawai. Ƙadangare ukun da aka ciyar na mako uku aka mayar da su gida sun fi waɗannan sa'a, kuma yaron da ya yi kwanaki yana kai wa dabba ruwa da fara, yana saninta da ɗigon da ke bayanta, da wuya ya sake ɗaukar danƙo ya harbi 'yar'uwarta.

Wasu malamai za su ce manhaja ta yi yawa, lokaci kuma ya yi kaɗan. Minti goma sau uku a rana, ana karɓa-karɓa tsakanin ɗaliban aji, ba zai cinye darasin kowa ba, kuma ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya ɗaukar aikin. Abin da za a samu kuwa yana cikin manhajar tun asali: kare yanki, neman mace, sarrafa zafin jiki, dacewa da muhalli, da zana jadawali. Jarrabawar aikin ɗakin gwaji ma abin da take nema shi ne a duba abu da kyau a rubuta abin da aka gani.

Akwai kuma masu tsoron cuta, kuma suna da gaskiya. Ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar bakteriya ta Salmonella a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ita kuwa tana sa mutum zawo da zazzaɓi. Saboda haka kada a riƙa taɓa su ba dalili, duk wanda ya taɓa dabbar ko kaskon ruwanta ya wanke hannu da sabulu, kuma a nisanta kejin daga kicin da wurin cin abinci da randar ruwan sha.

Abin da ake buƙata daga shugabannin makarantu bai wuce 'yar raga da katako da ma'aunin zafi ba, sai kuma malami ɗaya da zai tsaya a kan sharuɗɗan, ya tabbatar an ciyar, an shayar, an kuma saki dabbobin a kan lokaci, har da ranakun hutun mako. Sassan ilmin halittu na jami'o'i da kwalejojin ilmi su ma suna da rawar takawa, ta hanyar koya wa malamai masu tasowa wannan aiki tun kafin su fita koyarwa, da karɓar sakamakon da makarantu suka tara domin a kwatanta na wannan gari da na wancan. Har yanzu akwai tambayoyi da yawa game da yadda ƙadangaren gida yake tafiyar da rayuwarsa tsakanin sanyin hunturu da zafin bazara a ƙasar Hausa, kuma ajin da ya yi aikinsa da tsari yana iya ba da gudummawa wajen amsa su. Allah ya sa malamai da ɗalibai su gwada.